Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Kuɗin Ƙaramin Asibitin Mazaɓarmu Suke Shiga?

Wasiƙun da suka zo mana wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: kuɗin da gwamnati ke warewa ƙananan asibitoci, waɗanda jama'a ke kira sha-ka-tafi. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita masu tsawo.

Wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Soba ya rubuto: Kusan kowane wata uku sai na ji a rediyo cewa an saki biliyoyin naira domin kiwon lafiya a matakin farko. Amma in ka je asibitin garinmu, ko farasitamol sai an rubuta maka ka saya a kemis. Shin da gaske akwai kuɗin nan, ko faɗa ce kawai?

Malam, akwai su. Sai dai biliyan da ka ji a rediyo, kafin ta iso teburin incajin asibitinku ta koma 'yan dubbai, kuma ba lallai sai an sace ta ba. Rabo ne ya yi yawa.

Tushen kuɗin shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 11 ya kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF, ya kuma wajabta wa gwamnatin tarayya zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar da ke taruwa a babban asusunta, a haɗa da gudummawar ƙungiyoyin ƙasashen waje. Doka ta zauna a takarda shekara huɗu kafin a sa kuɗin a kasafi. Sai a 2018 aka fara, da wajen naira biliyan 55, sannan aka ƙaddamar da shirin a farkon 2019.

Dokar da kanta ta yi rabon. Kashi 50 na inshorar lafiyar marasa ƙarfi ne. Kashi 20 na magunguna, alluran rigakafi da kayan aiki masu ƙarewa. Kashi 15 na gyaran gini, na'urori da sufuri. Kashi 10 na ma'aikata. Kashi 5 na agajin gaggawa. Waɗancan uku na tsakiya, wato kashi 45, suna bi ta hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa zuwa takwararta ta jiha. Daga baya an yanki kashi 1.25 daga kason inshora aka ba hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa, sai kason inshora ya koma 48.75.

Saboda haka ƙofa biyu kuɗi ke shiga asibitin mazaɓa ta nan Kaduna. Ta farko ita ce kuɗin gudanarwa da ke faɗawa kai tsaye cikin asusun bankin asibitin duk wata uku, ta hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Shekaru da dama adadin naira 300,750 ne. Ka yi lissafi da allinka: naira 100,250 a wata, wajen naira 3,300 a rana. Da wannan za a sayi magani, safar hannu, sabulu, man babur na fita rigakafi, a gyara famfo, a biya mai shara. A sabon tsarin da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da shi a ƙarƙashin minista Muhammad Ali Pate, an ɗaga kuɗin zuwa tsakanin naira 600,000 da 800,000, gwargwadon yawan mutanen da asibiti ke gani. An ninka, amma duk wanda ya shiga kemis tun daga 2023 ya san abin da farashin magani ya yi.

Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin inshora da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, ke biyan asibitin a kan kowane mutum da aka yi wa rajista. Za mu yi bayaninta a amsar Hajiya da ke ƙasa.

Abin da za mu ce maka ka yi: kada ka tambayi "ina biliyoyin?", don ba wanda zai iya ba ka amsa a Soba. Ka tambayi shugaban kwamitin ci gaban mazaɓarku abu uku. Asibitinmu yana cikin shirin? Yaushe kuɗi suka shiga asusu na ƙarshe, kuma nawa ne? Me aka saya da su? Waɗannan tambayoyi suna da amsa a rubuce, a cikin fayil ɗin da ke ofishin incaji.

Wani mai unguwa daga ƙaramar hukumar Kubau ya tambaya: Ƙauyenmu yana da ɗan asibiti mai ɗaki biyu da ma'aikaci ɗaya. Ba ya samun ko sisi. Wanda ke samu yana hedikwatar mazaɓa, tafiya ce mai nisa, kuma da damina rafi kan raba mu. Ta yaya namu zai shiga?

Ranka ya daɗe, matsalarku ita ce babban raunin tsarin. An gina shi a kan asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Kaduna tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, shi ya sa kullum kake jin "asibitoci 255", tun daga gyaran da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi har zuwa alƙawarin ɗaga darajarsu da gwamnatin Uba Sani ta ɗauka. Amma ƙananan asibitocin gwamnati a jihar sun haura dubu. Ragowar, irin naku, suna rayuwa ne da abin da ƙaramar hukuma da jiha suka sammusu. Mazaɓar cikin gari da za ka ratsa a kan babur cikin minti goma, da mazaɓar daji mai ƙauyuka talatin, duk kaso ɗaya. Wannan ba adalci ba ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Akwai ƙofa a buɗe. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya da gwamnoni sun sa hannu a yarjejeniyar farfaɗo da harkar lafiya, kuma cikin abin da aka yi alƙawari akwai ninka asibitocin da ke cin gajiyar asusun, daga dubu takwas da ɗoriya zuwa wajen 17,600 kafin ƙarshen 2027. Ma'anarsa mazaɓa za ta iya samun na biyu. Wanda za a ɗauka kuwa shi ne wanda ya shirya.

Masu tantancewa ba dogon jawabi suke saurare ba. Suna zuwa da takardar duba, suna ƙirga abin da suka gani: ma'aikata nawa ne kuma wane mataki, akwai ungozoma ko babu, ana karɓar haihuwa, akwai ruwa, wuta, makewayi, ɗakin ajiyar magani mai kulle, wurin ƙona shara. Sannan su buɗe rajista. Nan ne ƙauyuka da yawa ke faɗuwa. Ma'aikacinku zai iya ganin mutum arba'in a rana, amma in bai rubuta su a rajista ba, bai cike fom ɗin ƙarshen wata ya kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ba, to a kwamfutar Kaduna da Abuja asibitinku kango ne.

Don haka ku fara da wannan: ku tabbata rahoton wata-wata yana tafiya ba fashi. Ku rubuta takarda da sunan al'umma, da sa hannunka da na dagaci da shugaban kwamitin mazaɓa, zuwa ga sakataren lafiya na ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. A cikinta kada ku tsaya a "muna shan wahala". Ku rubuta ƙauyuka nawa ke amfani da asibitin, kimanin mutum nawa, kilomita nawa zuwa asibitin mazaɓa, watanni nawa rafi ke yanke hanya. Ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.

Kafin a amsa, kuna da haƙƙi a kuɗin da asibitin mazaɓa ke karɓa, domin na mazaɓa ne duka, ba na garin da ginin yake ba. Fita ƙauyuka yin rigakafi da awon ciki yana cikin abin da aka yarda a kashe kuɗin a kai. Ku nemi kujera a kwamitin, ku sa a rubuta ranar zuwa ƙauyenku a tsarin aikin wata uku, da kuɗin man babur ɗinta. Abin da ba a rubuta a tsarin ba, ba za a biya shi ba.

Wani dattijo daga ƙaramar hukumar Igabi ya ce: An zaɓe ni shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa. Incaji yakan kawo mini takardu har gida ya ce in sa hannu kuɗi za su fita. Mutumin kirki ne, ban zarge shi ba, amma ban san abin da nake sa wa hannu ba. Me ya kamata in duba?

Baba, Allah ya taya riƙo. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a cikin jakar wasiƙun, domin duk tsarin a kan alƙalaminka ya rataya. An sa mutum biyu su riƙa sa hannu a asusun asibiti, incaji da shugaban kwamiti, don kada ma'aikaci shi kaɗai ya zama mai saye, mai karɓa, kuma mai shaida. In kana sa hannu ba ka duba ba, an koma mutum ɗaya. Kuma ran da masu binciken kuɗi suka zo, sunanka ne a takardar. Ba za su tambayi ko mutumin kirki ne ba.

Farko, a daina kawo takarda gida. A yi komai a asibiti, a gaban sakataren kwamiti ko wata wakiliyar mata.

Aikin yana tafiya ne bi da bi. Kafin wata ukun su kama, ma'aikata da kwamiti suna zama su rubuta tsarin kashe kuɗi: me ake bukata, guda nawa, farashin kowanne, jimla. Ƙaramar hukuma ta duba, jiha ta amince. Kuɗi suka shigo, a kashe bisa wannan tsarin. A ƙarshe a haɗa rasit, bauca da bayanin asusu daga banki a miƙa. Sai an karɓi wannan lissafin ake sakin na gaba.

To duk takardar biya da aka ajiye gabanka, ka ɗora ta kusa da tsarin. Abin da za a biya yana ciki? Adadin ya yi daidai? In tsari ya ce gyaran rufin ɗakin haihuwa naira 80,000, takarda ta ce 120,000, a tsaya a yi bayani a rubuce. Wa za a biya? Ya fi aminci kuɗi su tafi daga asusun asibiti zuwa asusun mai kaya, ba a ciro tsaba a zuba a aljihu ba. Kada ka taɓa sa hannu a cek ko fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce banki zai rufe. In aikin gyara ne ko sayen kaya mai tsoka, a kawo farashin mutum uku a zaɓa.

Sai magani, inda kuɗi suka fi zurarewa. Jihar Kaduna tana da hukumarta ta samar da magunguna da kayan asibiti, KADHSMA, kuma daga can ya kamata asibitin gwamnati ya saya, ba daga jakar ɗan talla ba. Ran da kaya suka iso, ka je. A buɗe kwali a gabanka, a ƙirga, a gwada da takardar da ta rako kayan, a duba ranar lalacewa. Bayan nan ka koyi karanta kati guda ɗaya, katin ajiya da ke jingine a gaban kowane magani a kan kanta. Layi-layi ne: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ka ɗauki na maganin zazzaɓin cizon sauro na yara. In layin ƙarshe ya ce saura 46, ka sa hannu ka ƙirga fakitin. In ka samu 46, ka gode wa mai kula da sito. In ka samu 30, ka buɗe rajistar marasa lafiya ka ga ko an ba yara 16 ba a cire a kati ba. Sau da yawa sakaci ne, ba sata ba. Amma daga ranar da aka san shugaban kwamiti yana ƙirgawa, sakacin ma raguwa yake.

Me ya kamata ya zo farko a tsarin? A ganinmu, abin da ke hana mutuwa a daren yau. Allurar oksitosin da ƙwayar misoprostol na tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Magnesium sulphate na jijjigar masu ciki. Man chlorhexidine na cibiyar jariri. Kayan gwajin zazzaɓi da maganinsa, amoxicillin mai narkewa na ciwon haƙarƙarin yara, gishirin ORS da zinc na gudawa. Safar hannu, sirinji, ruwan ƙari. Na'urar awon hawan jini mai aiki, da batirinta. Fenti da labule da sabon allon suna su jira. Mun faɗi haka ne don kwamitoci da yawa sun fi son abin da za a gani daga bakin titi.

Akwai kuma abin da kuɗin ba nasa ba ne. Ba albashin ma'aikatan gwamnati ba ne, ba na gina sabon asibiti ba ne, ba na rance ba ne ko da za a mayar, ba kuma na gudummawar biki ko tarbar baƙi ba.

In kuɗi suka yi jinkiri, ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan lokuta ɗaya ne daga cikin waɗannan: ba a miƙa lissafin baya ba, an miƙa amma rasit bai cika ba, an canza incaji ko shugaban kwamiti ba a canza sa hannu a banki ba, ko asusun ya daskare saboda matsalar BVN. Wani lokaci laifin ba naku ba ne: sakin daga sama ne ya makara, ko wasu asibitoci sun ƙi kawo lissafi sun riƙe na kowa. Ka fara duba naku kafin ka ɗaga murya. Kuma duk wata uku, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a babbar takarda da Hausa, a manna a bangon wurin jira. Wannan takardar za ta kare mutuncinka fiye da rantsuwa.

Wata uwa daga Rigasa ta rubuto: An ce mana awon ciki da haihuwa da maganin yara kyauta ne. Na kai ɗana, an karɓi kuɗin magani a hannuna, amma maƙwabciyata ba ta biya komai ba. Son kai ne?

Hajiya, zai iya zama son kai, amma kafin ki yanke hukunci ki tambayi maƙwabciyarki ko tana da katin KADCHMA. Galibi nan bambancin yake.

Kason inshora na asusun ba ya biyan kowa da kowa. Yana biyan waɗanda aka yi wa rajista ne: masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu bukata ta musamman da talakawa tilis. A ƙa'idojin 2020 an ƙiyasta naira 12,000 a shekara ga kowane mutum, kuma daga ciki aka ware wa asibitin da aka yi masa rajista naira 570 duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. A wancan lissafin, asibitin da ke da mutum 500 a rajista zai samu naira 285,000 a wata, ya sayi maganin da zai ba duk wanda ya yi rashin lafiya a cikinsu. Ragowar kuɗin shi ke biyan babban asibiti in an tura mutum, da sauran hidimomin tsarin. Matsalar ita ce gurbin kaɗan ne. Unguwa mai cunkoso irin taku, masu cancanta sun ninka gurbin sau da yawa.

Wanda ba ya cikin rajista, maganin da za a ba shi yakan fito ne daga asusun magani mai juyawa, tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987: a sayar a farashi mai sauƙi, a sake saye da kuɗin. Wannan halas ne, da sharaɗin a ba ki rasit, farashin kuma yana manne a bango.

Amma akwai abubuwan da ba ruwansu da kati. Alluran rigakafin yara, daga BCG ta tarin fuka ta ranar haihuwa, zuwa na mako 6, 10 da 14, zuwa na ƙyanda a wata 9 da wata 15, kyauta ne ga kowa. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau ma haka. In an nemi kuɗi a kan waɗannan, ki kai ƙara wurin incaji, in bai ji ba wurin kwamitin mazaɓa, sannan sakataren lafiya na ƙaramar hukuma.

Don shiga rajista, ki tanadi lambar NIN ɗinki, ki tambayi jami'in da ke kula da harkar KADCHMA a asibitin ko a sakatariya yaushe za a buɗe sabon ɗauka, ki kuma sa wakiliyar mata ta kwamitin ta san da ke. In kin samu, ki riƙe abu biyu. Katin yana aiki ne a asibitin da aka rubuta a kansa, in kin ƙaura sai kin nemi a sauya miki. In kuma aka tura ki babban asibiti, kamar Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada ko Gwamna Awan da ke Kakuri, kada ki bar ƙaramin asibitin sai da takardar turawa da lambar izini. Ba tare da su ba, za a ɗauke ki a matsayin mai biya daga aljihu.

Wani matashi daga Zariya ya tambaya: An turo mini saƙo a WhatsApp cewa gwamnati na ba da tallafin buɗe ƙaramin asibiti, a cike fom a biya naira 5,000 na rajista. In biya?

Kada ka biya. Wannan asusun ba a neman sa da fom a intanet, ba a ba ɗaiɗaikun mutane, kuma ba ya shiga asusun kowa sai na asibitin da hukuma ta tantance. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari daga kudancin Kaduna ya ce: Ɗan majalisarmu ya gina mana asibiti shekara biyu da suka wuce, har yau a kulle yake, awaki ke kwana a baranda. Yanzu 'yan ƙungiya suna son mu tara kuɗi mu sayi gadaje. Shawara?

Malam sakatare, ku dakata da gadajen. Gini ba shi ne asibiti ba, ma'aikaci ne asibiti. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa sukan zo da kuɗin bulo da kwano, ba su zuwa da albashi, kuma sau da yawa ana yin su ba a tuntuɓi hukumar da za ta turo ma'aikata ba. Tun da Kaduna ta haɗe harkar lafiya a matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, hukumar jiha ce ke ɗauka da tura ma'aikatan waɗannan asibitoci. In ginin bai shiga littafinta ba, ba ta san da shi ba.

Ku bi ta nan. Ku gano ma'aikatar ko hukumar da ta ba da kwangilar, yawanci sunanta na kan allon aikin, ku tambaya ko an miƙa ginin a rubuce. In ba a miƙa ba, ɗan majalisar ne zai matsa a yi. In an miƙa, ku nemi a yi masa rajista a ba shi lambar asibiti, don sai da ita zai iya aika rahoto, ya karɓi alluran rigakafi, har wata rana ya shiga jerin masu samun kuɗi.

Kuɗin da kuka tara, in kuna son su yi aiki, ku zuba su a abin da ke sa ma'aikaci ya zauna. Ungozoma ba za ta kwana a wurin da babu ɗaki mai ƙofa, babu ruwa, babu katanga, babu mai gadi ba, kuma ba a ga laifinta ba. Haihuwa kuwa da dare ta fi zuwa. Ɗaki biyu da makewayi a cikin harabar, rijiyar burtsatse, fitila mai sola, sun fi gado goma. Sannan ku duba cikin 'ya'yanku mata wadda ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ku ɗauki nauyin karatunta na ungozoma ko na jami'ar lafiyar al'umma, da yarjejeniyar za ta dawo ta yi aiki a gida. Shekara biyu zuwa uku ne. 'Yar gari ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata shida.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga ƙaramar hukumar Lere ta tambaya: An kafa mana sola da firjin rigakafi. Ba a yi shekara ba batiran sun mutu, firjin ma wani lokaci yana daskarar da allurai. Za mu iya gyarawa da kuɗin wata uku?

Malama, ƙananan gyare-gyare suna cikin abin da aka halatta, in kun sa su a tsari an amince. Amma sabon jerin batira zai iya cinye kuɗin wata uku ɗungurungum, don haka a fara gano abin da ya kashe su, in ba haka ba sababbin ma hanya ɗaya za su bi.

Abu uku ke kashe batir a irin waɗannan wurare. Lodi fiye da ƙima: an auna solar don fitilu, fanka da ƙananan na'urori, sai ga dutsen guga, hita ta dafa ruwa, da wayoyin rabin unguwa. Na biyu, zuƙe batir har ƙasa kowane dare. Batirin dalma in ana sauke shi ƙasa da rabi kullum, kwanansa ƙirgagge ne. Na uku, ƙurar hunturu. Faifan da ƙura ta rufe ba ya cika batir, batirin da ba ya cika kuma yana lalacewa a hankali. A wanke faifan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a mako lokacin hunturu. In batiran masu ruwa ne, a duba su duk wata a ƙara tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba.

Firjin kuwa ki duba irinsa. Yawancin waɗanda ake rabawa yanzu ba su da batir, suna da faifansu daban, suna tara sanyi da rana su riƙe shi da dare. Irin wannan ba a haɗa shi da inbata, ba a jona masa komai, kuma ba kowane mai gyaran firji ake kira ya buɗe shi ba. Ki sanar da jami'in kula da sanyin allurai na ƙaramar hukuma a rubuce, domin da yawansu suna da garantin kamfani, kuma taɓa su da hannun wani yana ɓata garantin.

Ma'aunin da ake so shi ne digiri 2 zuwa 8. A rubuta shi a takardar da ke jikin firjin safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Daskarewa ta fi zafi haɗari, don ba ta nuna alama: alluran rigakafi irin su Penta, PCV, IPV, Td da ta ciwon hanta duk sukan mutu in sun daskare, kuma tambarin da ke jikin kwalba zafi kawai yake nunawa, ba sanyi ba. Ki ajiye su a kwandon sama, nesa da bango da ƙasan firjin. Wadda kika ga ta daskare ƙanƙara, a fitar da ita. Wadda kike shakka, a ware ta a yi gwajin girgizawa tare da jami'in kafin a yi wa yaro. Oksitosin ma sanyin 2 zuwa 8 take so, kuma an yarda a ajiye ta a firjin rigakafi in an sa ta a akwati daban mai rubutu ɓaro-ɓaro, don kada hannu ya ɗauke ta a maimakon ruwan haɗa allura. Ruwan sha da kunun aya kuma a nema musu wani wurin.